Da gaske ne ana ɗaure mutum a Amurka don ya kwana a gefen titi?

Tambaya: Malam, na ji a labarai cewa Kotun Ƙolin Amurka ta ba garuruwa damar hukunta masu kwana a waje. Wato rashin gida ya zama laifi ke nan? Ƙanena yana Kalifoniya, kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, wasu ranaku a mota yake kwana. Me dokar ta ce, kuma me ya kamata ya kiyaye?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo wa ƙanenka mafita. Babu dokar da ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa rashin gida laifi ne, kuma ko an rubuta ba za ta tsaya a kotu ba. Tun 1962, a shari'ar Robinson da jihar Kalifoniya, Kotun Ƙoli ta ce ba a hukunta mutum saboda halin da ya tsinci kansa a ciki, sai saboda abin da ya aikata. A lokacin jihar ta mai da kamuwa da jarabar ƙwaya laifi, ko da ba a kama mutum yana sha ba, kotu ta soke. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da garuruwa suke yi shi ne su haramta abubuwan da marar gida ba shi da makawa sai ya yi su a fili: zama, kwanciya, barci, lulluɓa da bargo, ajiye kaya. Kowanne daga cikinsu aiki ne a idon doka. In aka haramta su duka, a ko'ina, dare da rana, an haramta wa mutum rayuwa a garin ba tare da an ambaci talaucinsa ba.

Abu na farko da ƙanenka zai riƙe: waɗannan ba dokokin tarayya ba ne. Majalisar kowane gari ce ke kafa tata, wani lokaci jiha ta ƙara tata a sama. A yankin Los Angeles mutum zai tsallaka titi ɗaya ya fita daga birnin ya shiga Santa Monica ko Culver City, doka ta canja a ƙarƙashin ƙafarsa. Saboda haka tambayar da ke da amfani ita ce: a ƙasar wane gari yake ajiye motar?

Dokokin gefen titi iri-iri ne, kuma haɗa su a kwando ɗaya shi ke rikitar da mutane. Akwai dokar hana zama da kwanciya a hanyar masu tafiya a ƙasa. Seattle ta kafa tata a 1993, ta hana daga ƙarfe 7 na safe zuwa 9 na dare a unguwannin kasuwanci, kotun ɗaukaka ƙara ta amince da ita a 1996. A San Francisco masu zaɓe ne da kansu suka kaɗa wa irinta ƙuri'a a 2010, daga 7 na safe zuwa 11 na dare. Ka lura da agogon: irin wannan doka tana barin dare a buɗe, manufarta a share ƙofar shaguna lokacin ciniki.

Akwai kuma dokar hana tare hanya, wadda ake auna ta da tef. Misali mafi bayani shi ne sashe na 41.18 na dokokin birnin Los Angeles, kamar yadda aka sake rubuta shi a 2021. Ba a zama ko kwanciya ko ajiye kaya cikin ƙafa 10 daga mashigar mota, ƙafa 5 daga ƙofar gini, ƙafa 2 daga famfon 'yan kwana-kwana, kuma ba a toshe hanya yadda mai keken guragu ba zai wuce ba. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a nan inci 36 ne, wajen santimita 91. Sannan majalisar birni na iya kaɗa ƙuri'a ta ware wani wuri, kamar kusa da lambun shaƙatawa ko ɗakin karatu, a kafa allo, a hana cikin ƙafa 500, wajen mita 152. A 2022 aka sa wannan tazarar ta hau kan duk makarantu da gidajen rainon yara kai tsaye, ba sai an jira ƙuri'a kan kowanne ba. Ɗauki taswirar birni mai cike da makarantu ka zana da'irar mita 152 a kan kowace, za ka ga yadda sauran filin yake tsukewa.

A yi adalci a nan: ba duka ne zalunci ba. Makaho ko mai keken guragu da tanti ya tare wa hanya dole ya sauka kan kwalta, cikin motoci. Dokar kare naƙasassu ta 1990 ta ɗora wa garuruwa alhakin hanyoyin nan, kuma a 2022 wasu naƙasassu a Portland ta jihar Oregon sun kai birnin ƙara a kan haka, aka yi sulhu a 2023. Dokar da ta ce "bar inci 36 a wuce" tana gaya wa mutum inda zai matsa. Wadda ta ce "babu ko'ina" ba ta gaya masa komai ba sai dai ya bar gari. Wannan shi ne bambancin da ya kamata a riƙa dubawa a kowace doka da ka ji labarinta.

Iri na uku shi ne dokar hana kafa sansani, kuma ita ce ta je Kotun Ƙoli. Sirrinta yana cikin yadda aka fassara kalmar sansani. A Grants Pass, wani ƙaramin gari a jihar Oregon mai mutane wajen 38,000, a dokar da aka kai ƙara a kanta sansani na nufin duk inda aka ajiye shimfiɗa ko wani abin kwanciya, ko murhu ko wuta, da niyyar zama na ɗan lokaci. Ba sai an kafa tanti ba. Bargo ɗaya a daren hunturu ya isa.

Dubi yadda hukuncin yake hawa, domin nan ne ainihin amsar tambayarka. A Grants Pass lokacin shari'ar, karon farko takardar tara ce ta dala 295. Ba a biya ba, ta koma dala 537.60. An ba mutum takardar tara sau biyu, ana iya ba shi takardar kora daga lambunan gari na kwana 30. Ya koma, to yanzu laifin ya tashi daga na tara ya zama kutse, wanda ke kai mutum gidan yari har kwana 30 da tarar dala 1,250. Ba wanda aka ɗaure a daren farko. Ana kukan targaɗe ne sai ga karaya.

A sauran garuruwa ma haka sarƙar take, sai dai zoben da ya fi kama mutane shi ne ranar kotu. Takardar tana ɗauke da rana. Marar gida ba shi da adireshin da za a aiko masa tunatarwa, wayarsa ba caji, wani lokaci takardar kanta ta tafi cikin kayan da aka kwashe. Bai je ba, alƙali ya ba da takardar kamu. Bayan wata uku ɗan sanda ya tsayar da shi a kan wani abu dabam, ya duba kwamfuta, ya ga takardar, ya tafi da shi. Kwana biyu ko uku a tsare sun isa ya rasa gadonsa a gidan kwana na marasa matsuguni, ya rasa aikin da yake lallaɓawa, a ja motarsa. Daga baya in ya nemi haya, mai gida ya biya kamfani ya binciko tarihinsa, kamun ya fito. Ga wani abin da mutane ba su sani ba: in laifi na tara ne kawai, gwamnati ba ta ba mutum lauyan kyauta. Sai in akwai yiwuwar ɗauri. Wato a matakin da lauya zai iya kashe maganar cikin minti goma, babu lauya.

Shekaru da yawa lauyoyin marasa gida suna kafa hujja da gyara na 8 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana hukunci na ƙeta da azabtarwa. Sun yi nasara a Miami a 1992. Sun yi a Los Angeles a 2006, inda sulhun 2007 ya bar mutane su kwana a gefen titi daga 9 na dare zuwa 6 na safe har sai birnin ya samar da gidaje 1,250. Babbar nasarar ta zo a 2018, a shari'ar Martin da birnin Boise: kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 9 ta ce ba za a hukunta mutum don ya kwana a waje ba matuƙar babu gadon da zai samu a gidan kwana. Shiyyar ta ƙunshi jihohi tara na yamma, har da Kalifoniya, Oregon da Washington, inda matsalar ta fi tsanani. Shekara shida wannan ƙa'ida tana ɗaure wa garuruwan hannu, magadan gari daga manyan jam'iyyun ƙasar biyu suna ƙorafi cewa alƙalai sun ƙwace musu mulkin tituna.

Ranar 28 ga Yuni 2024 Kotun Ƙoli ta rushe ta, alƙalai 6 da 3, a shari'ar Grants Pass da Johnson. Mai shari'a Neil Gorsuch, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce gyara na 8 yana magana ne a kan irin hukuncin da ake yi wa mutum bayan an same shi da laifi, ba a kan abin da majalisa za ta iya kira laifi ba, kuma tara da ɗaurin kwana 30 ba azabtarwa ba ne. Ya ƙara da cewa dokar ba ta ware kowa ba, ta hau kan matafiyi mai yawon buɗe ido da ɗalibi mai zanga-zanga kamar yadda ta hau kan marar gida. Mai shari'a Sonia Sotomayor, da Elena Kagan da Ketanji Brown Jackson a bayanta, ta ce barci larura ce ta jiki, ba laifi ba. Ta kawo cewa mataimakin shugaban 'yan sandan garin ya amsa bai san wani mai gida da aka taɓa ba takardar nan ba, kuma a wani taro na 2013 an faɗa a fili cewa manufar ita ce a ƙuntata wa mutanen har su gaji su yi gaba. Kora da hali ke nan. A ganina hujjarta ta fi kusa da abin da ke faruwa a titi, ko da yake hujjar Gorsuch ta fi kusa da lafazin kundin. A lokacin shari'ar, garin Grants Pass ba shi da gidan kwana na gwamnati. Babban gidan kwanan da ake da shi a lokacin na wata ƙungiyar Kirista ne mai gado 138, da sharaɗin halartar ibada da barin taba, alhali marasa gida a garin sun kai kusan 600.

Bayan hukuncin garuruwa fiye da 100 sun kafa sababbin dokoki ko sun tsaurara tsofaffi. Gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya ba hukumomin jiha umarnin kwashe sansanoni a Yuli 2024. Wasu jihohin ba su ma jira ba. Texas ta hana tun 2021 da tarar da ta kai dala 500. Tennessee a 2022 ta mai da kafa sansani a filin gwamnati babban laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara shida. Florida ta bi ta wata hanya mai wayo: daga Oktoba 2024 ta hana ƙananan hukumomi barin mutane su kwana a filin jama'a, daga Janairu 2025 kuma ta ba mazauna da 'yan kasuwa damar kai garin ƙara in bai kwashe ba. Ka ga ko magajin gari mai tausayi an sa masa wuƙa a wuya.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Hukuncin ya ce garuruwa suna iya hukuntawa, bai ce dole su yi ba, kuma ƙofa ɗaya kawai ya rufe. Sauran suna buɗe, kuma su ne makaman ƙanenka.

Na farko kaya. A shari'ar Lavan da Los Angeles ta 2012 kotun shiyya ta 9 ta ce kayan marar gida dukiyarsa ce ko da a gefen titi ya bar su ya tafi wanka ko cin abinci, ba a kwashewa a zuba a motar shara nan take. Sai an ba da sanarwa, an ajiye, an faɗi inda za a karɓa. A Los Angeles ajiyar kwana 90 ce, kuma abin da aka yarda mutum ya riƙe a titi shi ne cikin mazubi mai galan 60, wajen lita 227. A Oregon dokar jiha ta ce sanarwar awa 72 da ajiyar kwana 30. Inda abin yake lalacewa shi ne hurumin da aka bar wa ma'aikata su zubar da duk abin da suka ce ƙazanta ne ko haɗari ga lafiya. Bargo ya jiƙe, an ce ƙazanta. Jakar da ke ƙarƙashinsa, mai katin shaida da magani, ta bi shi. Rasa katin shaida ba ƙaramin abu ba ne: ba shi, ba aiki, ba haya, ba tallafi, kuma sabunta shi yana buƙatar takardar haihuwa wadda ita ma ta tafi.

Na biyu tara. Tun 1983, a shari'ar Bearden da Georgia, an hana ɗaure mutum don ya kasa biyan tara sai alƙali ya bincika ko yana da halin biya. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce haramcin tara mai wuce kima ya hau kan jihohi da garuruwa ma. Kotun ƙolin jihar Washington ta yi aiki da wannan a 2021, ta ce kuɗin jan motar da aka ɗora wa wani mutum mai kwana a cikin motarsa a Seattle ya wuce kima. Na uku dokar da ba ta fayyace abin da ta hana ba: da wannan aka soke dokar yawon banza ta Jacksonville a 1972, da shi aka soke dokar Los Angeles ta hana zama a mota a 2014. Bara kuwa magana ce a idon kundin, shi ya sa tun 2015 kotuna suka yi ta soke dokokin hana ta. Sai dokokin jihohi: Oregon ta wajabta wa garuruwanta cewa ƙa'idojin zama da kwanciya su zama masu ma'ana ta fuskar lokaci da wuri, kuma da wannan aka sake maka Grants Pass ɗin kanta a kotun jiha a farkon 2025, alƙali ya taka mata burki.

Wannan salon doka ba baƙo ba ne a wajenmu. Tushensa dokokin yawon banza na Ingila, irin ta 1824, waɗanda mulkin mallaka ya shuka a ƙasashe da dama. Najeriya ta soke laifin yawon banza a 1989, a Disamba 2020 kuma Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ba da fatawa cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar nahiyar, domin talauci suke hukuntawa.

Mu dawo kan ƙanenka. Motar ita ce katangar ƙarshe tsakaninsa da gefen titi, saboda haka kare ta shi ne aikin farko. A Kalifoniya abin da ya fi raba mutane da motocinsu ba dokar barci ba ce, dokar ajiye mota ce. Ana iya jan mota in ta wuce awa 72 a wuri ɗaya, ko in rajistarta ta wuce wata shida da ƙarewa. Da zarar an ja, kuɗin ja da na ajiya na kowace rana suna hauhawa har su fi kuɗin motar, a ƙarshe a yi gwanjonta. Ya riƙa matsar da ita kafin kwana uku, ba ɗan gusawa na taku biyu ba. Ya fifita rajista da inshora a kan kusan kowane bashi. Takardun tarar ajiye mota kada su taru; masu ƙaramin ƙarfi suna da damar biya kaɗan-kaɗan in sun nema da wuri. Ya karanta allunan unguwa, domin wasu titunan sun hana ajiye mota da tsakar dare. Ya kira lambar 211, layin wayar neman bayani kan taimakon jama'a, ya tambayi filin ajiye mota na dare da ke kusa. Waɗannan filaye ne na coci-coci da ofisoshi da ake buɗe wa masu kwana a mota, da banɗaki da mai gadi. Santa Barbara ta fara su a 2004, yanzu sun yaɗu. Yawanci suna neman lasin tuƙi da rajista masu rai, wanda ya sake mai da mu kan maganar rajista.

Katin shaida, takardun shige da fice, magani da caja su zauna a jaka ɗaya a jikinsa, ba a mota ba. Ya ɗauki hotonsu ya tura wa kansa ta imel, ya tura maka. Ya samo adireshin karɓar wasiƙa, ko na wani amini ko na wata cibiyar taimako, ya kuma riƙa zuwa dubawa.

In ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi, hannu a inda ake gani, ba gardama. Yana iya tambaya ko an tsare shi ne ko yana iya tafiya. Ba dole ne ya amince a bincika motar ba, kuma ba dole ne ya amsa tambayar ko a cikinta yake zaune ba. Amsar nan ita ce shaidar da ake nema. In an miƙo takarda ya sa hannu, domin sa hannun alkawarin zuwa kotu ne, ba amsa laifi ba, ƙin sawa kuma na iya kai shi ofishin 'yan sanda. Ya ɗauki hoton takardar a take, ya duba lambar sashen da aka rubuta, ya sa ranar a waya. Sannan ya je. Ko ba shi da ko sisi ya je, ya nemi a duba halin biyansa. Kotunan jihar suna da shafin MyCitations na neman ragi a kan ƙananan takardun tara. In tsofaffin takardu sun riga sun taru, ya nemi kotun marasa matsuguni. San Diego ta fara irinta a 1989, ana zama ne a cibiyoyin taimako, ana yafe tara a madadin shaidar cewa mutum yana neman aiki ko magani ko gida.

In kuma bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, kada ya amsa kowane laifi a gaban alƙali don kawai a sallame shi da wuri. Ƙaramin laifi na iya dawowa lokacin sabunta biza ko neman katin zama. Tun 2010 doka ta wajabta wa lauyan da ke kare mutum ya gaya masa illar amsa laifi ga zamansa a ƙasar, amma sai ya faɗa wa lauyan matsayinsa tun farko.

Ko dokokin suna rage yawan marasa gida? Suna share titin da aka sa wa ido, wannan gaskiya ne, mutanen kuma su koma ƙarƙashin gada, bakin rafi ko garin maƙwabta, inda ma'aikatan lafiya da masu nema musu gida ke rasa inda suke. Ƙidayar gwamnatin tarayya ta dare ɗaya a Janairu 2024 ta samu mutum 771,480, daga 653,104 a shekarar da ta gabata. Kalifoniya kaɗai tana da wajen 187,000, kusan biyu cikin uku a waje suke kwana. Houston ta jihar Texas, wadda ta rage nata da fiye da rabi tun 2012, jeri ta canja: a samo wa mutanen sansani ɗakuna tukuna, sannan a rufe wurin. Hayar Houston ba ta kai ta Los Angeles tsada ba, shi ya sa kwaikwayonta ke da wuya a inda ƙanenka yake. Lokacin da ya kira 211, ya nemi a yi masa rajista a jerin masu jiran gida na gundumarsa tun yanzu da yake da mota da waya, domin layin dogo ne, kuma in aka neme shi ba a same shi ba ana iya wuce shi.